Takarda Biyu da Hatimi Ɗaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, wajen ƙarfe uku na rana, yayata ta cika a kujerar bayan motar maƙwabcinmu, a bakin ƙofar babban asibiti. Kanta na kan cinyar babbar 'yarta, takardar rifaral na hannuna.

Yaya, shekara ashirin da shida kika yi kina aikin jinya a ƙaramin asibitin unguwa, mai ɗaki huɗu da benci biyu a baranda. Ni ne malamin Turanci a gidanmu, amma a bakinki na fara jin kalmar rifaral. Wata rana kika same ni ina duba takardun jarrabawa, kika ce, "Kai Malam Ƙarami, wai mene ne asalin kalmar nan? Duk marar lafiyar da na faɗa wa sai ya ɗauka korarsa na yi." Na buɗe ƙamus na karanta miki. Tushenta daga Latin ne, rabi na nufin mayarwa, rabi na nufin ɗauka. Bature ya ara, yana faɗinta in an tura mutum wurin wanda ya fi sani, kamar likita zuwa babban likita, ko mai neman aiki zuwa mai ɗaukar ma'aikata. Kika yi dariya kika ce, "Ashe da ɗauka a ciki! Mu kuwa takarda muke miƙa wa mutum, ya ɗauki kansa."

Ke ba haka kike yi ba. Ranar da naƙuda ta yi wa matar mai gyaran takalma gardama, kin rubuta takardar, kin buga waya babban asibiti, sannan kika shiga motar da silifas, kina riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama har aka isa. Kika tsaya a kan likita sai da ya shiga da ita tiyata. Yarinyar da aka ciro tana ajina yanzu. In tsoho ne da bai iya karatu ba, sai ki zana masa ƙofar da zai shiga a bayan takardar, ki ƙara da lambar wayarki. Kina cewa takarda ba ta da baki.

Ranar Talatar, ciwon ƙirji ya kayar da ke a kicin da hantsi. A asibitinku, wadda kika koya wa aiki ce ta rubuta miki rifaral tana kuka, don ba su da tukunyar iskar numfashi. A asibiti na biyu, likita ya leƙo ta tagar mota ya ce babu gado, ya rubuta wata takardar a kan cinyarsa. A babban asibiti, mai karɓar marasa lafiya ya rubuta lambar wayar 'yarki, ya juya takardar ya ce babu hatimi, mu koma inda aka rubuta ta a buga.

Na ce, "Bawan Allah, ma'aikaciyar jinya ce fa, ɗaya daga cikinku!"

Ya ce, "Malam, ko wace ce, ƙa'ida ce."

Na fara ɗaga murya, kika kama hannuna kika ce, "Bar shi, ƙanena. Shi ma tsoro yake ji." Maganarki ta ƙarshe ke nan. Muka koma, aka buga hatimin, muka dawo cikin cunkoso. Ba ki shiga ba.

Na san ajali ba ya jira, kuma ban ja da ikon Allah ba. Amma ba Allah ne ya ce a mayar da mai numfashi sama-sama neman tawada ba. Ranar Juma'a, muna zaman makoki, aka kira daga babban asibitin wai gado ya samu. 'Yarki ta ce, "Mun gode, an riga an ba ta wuri."

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yalwata kabarinki, Ya karɓe ki ba tare da tambaya mai tsanani ba. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki, da 'ya'yanki huɗu, da mahaifiyarmu wadda har yau ba ta iya cin abinci, da abokan aikinki. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ke kin yafe wa mai karɓar marasa lafiyar nan tun kina raye. Ni har yanzu ban iya ba, ku taya ni da addu'a.