Shekarar da Kwaɗin Tabkinmu Suka Yi Shiru

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta shekarar da kwaɗin tabkinmu suka yi shiru ba. Tabkin yana gangaren gonakinmu, kusa da Urafane. Da damina kukan kwaɗi ba ya bari a ji juna, amma a shekarar nan, tsit. Ruwan ya yi kore shar, yana wari, ko tsuntsu ba ya sauka. Shanun wani tsohon makiyayi suka sha, biyu suka mutu. Mata suka daina bi ta wurin, wai aljanar ruwan ce ta yi fushi. Ni kaina in na wuce sai tsikar jikina ta tashi.

Malamin gona ya ce angire ne, takin zamanin da muke zubawa, ruwan sama ke wanke shi zuwa tabkin. Ya nuna mini in ƙona karan gero a rami, in kashe wutar kafin ya zama toka, in gauraya gawayin da taki in binne a gindin gona don ya riƙe abin da ke gangarawa. Na haƙa rami dogo, sak kabari, na binne ni kaɗai.

To, a garinmu wa ke binne baƙin abu in ba mai sammu ba? Tsohon makiyayin nan ya hango ni, ya kai wa mai gari cewa ya kama mai ɓata ruwa. Aka ce a tone, in an sami laya a raba ni da gonar ubana. Raina ya ɓaci, amma wallahi tsoro ya fi yawa. Aka tone, ba laya, sai gawayi mai sanyi, fararen saiwoyi sun ratsa shi kamar furfurar tsohuwa. Kowa ya ja da baya. Mai gari ya ce, "Ba mu ga laifi ba, ba mu ga gaskiya ba. Tabkin zai yi shari'a."

Malamin gona ya dawo ya yi bayani, wasu maƙwabta suka binne nasu, sauran kuwa damina biyu suna kauce mini a hanya. Wata safiya bayan ruwa, sai ga tsohon a ƙofar gidana, ko sallama babu. Ya ce, "Malam, fito ka ji." Na fito na kasa kunne. Kwaɗi ne. Ya ajiye mini ƙwaryar nono ya juya.

Tun ranar na san abin da ka zuba a gonarka maƙwabcinka ne zai sha, kuma ko alheri za ka binne, binne shi a gaban mutane.