Sa hannun gwaggona

Shekarun baya, ina sabon malami a Parakou, wata mujallar nazarin harshe ta karɓi maƙalata ta farko. Na yi ta ne a kan yadda 'yan goro na Djougou ke haɗa Hausa da Dendi da Faransanci wajen ciniki, kuma rabin misalan daga bakin gwaggona na naɗe su. Ina cikin murna sai editan ya rubuto cewa ba za a buga ba sai duk wanda aka naɗa ya sa hannu ya yarda. Ƙarin girmana kuwa a kan maƙalar ya rataya.

Ban taɓa gaya wa gwaggo ina naɗa ba, ga shi a ciki ta wanke wani mai saye tas, har ta ce masa mai hannun jarirai. Daga unguwar Albarika a Parakou har Djougou ina cikin mota ina haddace ban-haƙuri, riƙe da takardar sa hannun.

Na same ta tana yayyafa wa goro ruwa. Na durƙusa na karanto mata komai. Da na zo kan zagin sai ta yi dariya har da tafi.

"Ai ya ci a faɗa masa. To ni me ka rubuta a kaina?"

Na saki jiki na karanta: "Mace, dattijuwa, ba ta yi karatu ba."

Dariyar ta ɗauke.

"Gwaggo, lakol ake nufi, makarantar boko, haka ake rubutawa a…"

"Miƙo biron."

Ta ɗora takardar a gwiwa, ta rubuta sunanta da na mahaifinta da ajami, layi a miƙe, har da wasali. Ta miƙo min ba ta dube ni ba.

"Ɗan nan, ranar da aka fara ba ka allo, wa ya riƙe maka hannu?"

Ita ce. Na san ita ce, amma na bi abin da na ga wasu suna rubutawa ban ko tsaya tunani ba. Kunyar da na ji ta fi tsoron da na zo da shi.

Na gyara layin kafin a buga, ya koma "malamar allo, 'yar kasuwa". Takardar na nan a ofishina. Har yau in ɗalibi ya kawo min aiki da "bai yi karatu ba" a ciki, ita nake ciro masa in ce ya karanta min. Yawancinsu ba sa iyawa.