Ramin da Masu Fasa Dutse Suka Bar Mana

Ina cikin shekarata ta huɗu da fara koyarwa a wani ƙauye da ke arewacin Tawa, gaba da Barmu, masu fasa dutse suka zo. Wani kamfani ne da aka ba aikin shimfiɗa gudiro, wato hanyar kwalta, yana neman tsakuwa, idonsa ya faɗa kan dutsen da ke bisa fako a bayan gari. Kafin a ba su izini, wajibi ne su tara mutanen gari su faɗi abin da aikin zai yi wa ƙasa, da yadda za su gyara ta in sun gama. Da yake ni ne mai jin Faransanci sosai a garin, maigari ya aiko in zo in yi tafinta.

Sun zo da wani gwanin muhalli daga babban birni, siririn mutum mai takalmi mai tsini wanda da gani bai taɓa taka ƙaya ba. Ya ɗora wani ƙaton littafi a kan teburin da aka ɗauko daga ajina, ya ce binciken da ya yi ne a kan ƙasarmu. Kafin a fara na ɗan buɗa. Can tsakiya na tarar an rubuta cewa za a kiyaye masunta da gonakin shinkafa na bakin kogi. Mu da sai jaki ya yi tafiya da igiya kafin guga ya fito daga rijiya! Littafin wani gari suka kwafo suka sauya suna, a wani shafin ma sun manta ba su sauya ba.

Na nuna masa da yatsa. Ya leƙo ni ta saman tabarau, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a can, ya ce, "Kuskuren bugu ne, Mushe. Kai dai fassara abin da na faɗa."

Na kuwa fassara, kuma har yau ina jin kunyar yadda na gyara masa magana ta yi daɗi a Hausa. Ya ce za su kankare ƙasar sama su tara ta gefe guda. Ya ce motar ruwa za ta riƙa yayyafi kullum don ƙura. Ya ce in sun gama za su cike ramin, su mayar da ƙasar, su dasa itatuwa.

A cikin taron akwai wata tsohuwa da duk gari ke ce wa Inna. Ita ce ta shugabanci matan da suka rayar da gefen fakon nan da hannunsu. Shekara da shekaru suna haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwan sama, suna jera duwatsu, har dakwara da ciyawa suka fito a wurin da a da ko ƙadangare ba ya tsayawa. Ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, tambaye shi. Dutsen za su niƙe su kai bisa hanya. To, da mi za su cika ramin?"

Na mayar masa. Ya yi dariya har da bugun tebur, ya ce, "Gaya wa tsohuwa akwai injiniyoyi."

Izini ya fito. Shugaban wurin aikin, wani ƙato mai hular kwano da ba ya amsa sallama sai da ɗaga gira, ya sa takardar a gilashi ya rataye a ofishinsa.

Shekara uku injin niƙa dutsen yana ci. Tun hantsi har la'asar ƙara ce kamar ana zazzage tukwane a cikin kai, sai na rufe tagogin aji ina ihu kafin a ji ni. Gero na gonakin kusa ya riƙa fitar da zangarniya fara fat, tsofaffi suka kama tari. Motar ruwan kuwa mun san ta sarai: duk ranar da muka gan ta tana yayyafi, mun san masu duba aiki na tafe daga Tawa. Su zo, su sha lemo a ofis, su dubi takardar da ke cikin gilashi, su koma. Tulin ƙasar saman da aka ce an ajiye mana, a shekara ta biyu kamiyoyinsu, manyan motocin kaya, suka kwashe shi suka cike wani kwari da ke wahalar da su a hanya. Da rana tsaka suka yi, muna kallo.

Da gudiro ya ƙare suka kwance injin. Wata safiya cikin bazara aka kira ni, wai bikin mayar da ƙasa. Na tarar katafila ta turo ɓaraguzai ta daidaita ɗan wurin da motoci ke tsayawa. Bayansa ramin na nan, baki buɗe, zurfinsa ya fi tsawon ginin masallacin Juma'a. A kan ɓaraguzan an jera ƴan dashen dogon yaro, sahu-sahu, ba shinge, ba ruwa, damina kuma da sauran nisa. An kafa allo mai launin kore. Mai ɗaukar hoto ya yi ta juya mutane har ya samu tsayuwar da ramin ba zai fito ba.

Gwanin muhalli ya dawo da sabon takalmi. Yana cikin jawabi Inna ta taka a hankali, ta sunkuya, ta kama dashe ɗaya da yatsu biyu ta ɗaga. Ya fito salin-alin da baƙar ledarsa, ko tsaga ta ba a yi ba. Ta ciro na biyu, haka. Ta miƙa masa ta ce, "Ɗana, a garinku da leda ake dasa icce?"

Wannan karon ban gyara komai ba, na mayar masa da ita yadda take. Ya ce ledar irin mai narkewa ce. Na fassara wannan ma, mutane suka fashe da dariya.

Sai aka fito da takarda. Maigari ya riga ya dangwala yatsa, don an ce masa sunayen mahalarta ne. Aka miƙo mini biro in sa hannu a matsayin shaida. Na karanta ta da ƙarfi cikin Hausa: an cike rami, an mayar da ƙasa, an dasa itatuwa, jama'a sun gamsu. Maigari ya dubi yatsansa. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, abin da ka sa wa hannu ke nan." Na ajiye biron.

Ƙaton mai hular kwano ya buɗe baki, karo na farko da ya yi mini magana, ya ce, "Ba dole sai da hannunka ba." Gaskiya ya faɗa. Wani ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Tawa yana ta latsa wayarsa, bai ɗago ba. Aka ba su takardar sallama, kafin mako ya zagayo awaki sun cinye dashen.

Da damina ta sauka ramin ya tara koren ruwa. Saniyar wani makiyayi Ba'abzine ta zame daga gaɓa, aka wuni ana fama da igiyoyi, sai gawarta aka jawo. Washegari maigari ya sa aka sari ƙaya aka kewaye bakin.

Inna ba ta jira kowa ba. Ta tara matanta suka fara jera ragowar duwatsun da kamfanin ya watsar. Da yake babu ƙasar sama, da jakuna aka riƙa kawo taki daga garke ana zubawa a ramuka. Ni ma nakan je ranar Asabar in ɗauki dutse, tana yi mini faɗa cewa jerina ya karkace. A damina ta biyu ciyawa ta kama gefen yamma, tsirarun dakwara suka leƙo.

Ramin kansa yana nan. Ba abin da za a cike da kwando ba ne, kuma duk shekara sai an sake masa ƙaya.