Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ko zan manta da komai na zamana da maigidana, Allah Ya jiƙansa, akwai wata la'asar da za ta bi ni har kabari. Shekaru sun shuɗe, amma har gobe in na ji ihun ɓarawo a lungu sai ta faɗo mini a rai.

Ɗan sanda ne, ya kai sufeto kafin ya yi ritaya muka dawo gidan gadonsu a Dukawuya. Baba Sufeto ake ce masa a unguwa, amma wanda bai sani ba ba zai ce ya taɓa sa kaki ba. Daga masallaci sai bencin ƙofar gida da rediyonsa, sai tumakinsa da yake yi wa hira kamar mutane. Jikoki su hau wuyansa su cire masa hula, shi dai dariya. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: baligin da ba ɗan gida ba, ba ya wuce zaurenmu. Ko mai ruwa a zaure yake sauke jarkoki, shi ya kinkimo su da ciwon bayansa.

'Ya'yanmu duk sun watse sai auta. Babban kuwa ya yi aure a bayan layinmu. Shi ne ɗan farina, kuma irin tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. "Wancan yaron" nake cewa, ko in aika masa ƙannensa, har shi ma ya haifi nasa.

Ran nan na ɗora tukunyar tuwo ke nan sai ga auta ta faɗo gida, hijabinta duk jini. Ta je karɓo ɗinki, wani saurayi ya fizgi wayarta, da ta ƙi saki ya yanke ta a hannu. Ina ɗaure mata da ɗankwalina, ina jin ihu yana matsowa ta lungu. Ban ankara ba aka bankaɗe labulen zaure. Maigidana ne, riƙe da wuyan rigar wani ƙato da jini ya rufe wa ido ɗaya. A tsakar gidana!

Auta ta ƙwalla ƙara. "Umma, shi ne!"

Na ce, "Malam, wanda ya yanke ta ne fa."

Ya ce, "Na sani." Ya dubi hannun yarinyar, amma bai tsaya ba. Ya tura saurayin cikin turken tumaki. "Zauna nan. In ka leƙa waje, ni ma ba abin da zan iya yi maka."

Ya koma ƙofa. Na zura hijabi na bi shi, na tsaya a bayansa cikin zaure. Lungun ya cika maƙil, da gora, da duwatsu, wani har da taya a kafaɗa. Yaran da na sani ne tun suna yawo ba wando, amma wallahi fuskokinsu sun sauya, na kasa gane su. Shi kuwa ya dafa ƙyauren da hannu biyu, bai ɗaga murya ba. Sai ya shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na ubansa.

"Kai ɗan mai shayi, ajiye dutsen nan, ranar sunanka ni na riƙe ragon. Kai kuma jikan liman, tayar wa ka ciro? Ka mayar kafin mai ita ya gani."

Wasu suka yi dariya ba su shirya ba. Wani daga baya ya ce, "Baba, ai ku ne kuke sakinsu! Gobe mu gan shi a layi!"

Ya ce, "Na kira ofishin 'yan sanda, mota na tafe. Shari'a ta sake shi ko ta ɗaure shi, ban sani ba. Amma wanda ke son shiga gidan matar aure, bismilla, ya fara ture ni."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ya karya dokarsa da hannunsa. Ya san komai haukarsu, ba wanda zai tsallaka zauren wani ya shiga kan iyalinsa. Hannuwa suka fara sauka. Har na fara hamdala sai taron ya dare, wani ya ratso da galan ɗin fetur a hannu. Ɗana ne.

"Baba, matsa. Ni ai gidanmu ne. Jinin ƙanwata na biyo tun daga bakin titi."

Uban ya kira sunansa, ya sake kira. Kamar da bango yake. Ya sa kafaɗa ya wuce, tsohon ya yi taga-taga ya bugi garu, hularsa ta faɗi. Yaron da bai taɓa gaishe shi a tsaye ba. Ya gifta ta gabana, warin fetur ya bugi hancina, ga wutar tuwo na ci a murhu, ga auta zaune kusa da ita.

Maigidana ya juyo ya dube ni. A hankali ya ce, "Kira shi."

Na ce, "Kai, yaro..."

"A'a. Da sunansa."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na kira sunan, sau ɗaya, har lungu sai da ya yi tsit. Ya tsaya cak a tsakar gida. Ya waiwaya yana neman wanda ya kira, ya dubi auta, ya dubi ƙofa, sannan ya dube ni.

"Umma... ke ce?"

Na ce, "Ni ce. Ajiye."

Galan ɗin ya suɓuce, fetur ya malala a ƙafarsa. Kafin in yi salati har maigidana ya ɗauki bokitin ruwa ya juye a murhu. Ɗana ya durƙushe a wurin yana kuka kamar ɗan yaye.

Motar ta zo aka tafi da saurayin da ransa, aka kai auta asibiti aka yi mata ɗinki. Sai washegari, yana ba tumaki dusa, na iya tambayarsa yadda zuciyarsa ta yarda ya kare wanda ya zubar da jinin 'yarsa.

Ya ƙarasa zuba dusar. Sannan ya ce a farkon aikinsa an taɓa aika shi ɗauko gawar wanda aka ƙona, bayan kwana biyu kuma aka aika shi kamo waɗanda suka ƙona shi. "Duk 'ya'yan mutunci ne. Iyayensu mata suna bin motarmu suna faɗuwa. Jiya ke na hango a bayan motar nan." Ya karkaɗe hannunsa. "In mutane suka taru, kowa mantawa yake ɗan waye shi. Tuna musu kawai nake yi. Ɗanmu kuwa ya saba da kirana. Naki ne bai taɓa ji ba."

Har Allah Ya karɓi ransa bai tayar wa ɗansa zancen turewar nan ba, duk da yaron ya yi ta zuwa neman gafara. Yaron ne kuma ya shiga kabari ya karɓi gawar uban.

Abin da ranar ta koya mini, kunya abar kirki ce kuma ban yar da ita ba, amma ba ta kai ran ɗanka ba. In ka ga naka zai faɗa wuta, ka kira shi yadda zai ji. Tun ranar ban sake kama sunan ba, na koma "wancan yaron". Shi ma ya san in ya sake ji daga bakina, to ya tsaya.