Fuskar da Hannun Haidar Ya Haddace

Haidar mai rubuta allunan shaguna ne a kasuwar Gadarif. Yawancin motocin da ke ɗauko riɗi daga yankin Simsim, shi ya zana musu furanni a baya. Fure kam ya iya, zaki ma ba laifi, amma in ya zana mutum sai ka rantse kabewa aka sa wa idanu.

Da yaƙi ya koro mutanen Khartoum, wani tsohon malamin zane, Ustaz Elfadil, ya kama ɗaki a gidansu. Abin da ya tsira da shi kawai hoton wata mata ne, wanda malaminsa ya zana da fenti tun yana saurayi. Haidar ya roƙe shi ya koya masa.

"Kwafi wannan," in ji Ustaz. "Kada ka taɓa fuskar mai rai sai hannunka ya haddace ta hoton nan."

Haidar ya duƙufa, har abinci sai an yi masa magana. Ita kuwa Inna, mahaifiyarsa, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, da an ɗaga waya sai ta ja mayafi. Amma kullum tana tsokanarsa.

"Kai dai na yarda maka. Ga ni zaune ina tsince dawa, ka bar ni kana kallon matar da ko sunanta ba ka sani ba."

"Bari in ƙware tukuna, Inna."

"To, ya waladi, ɗana. Allah ya kai mu."

Sau talatin da ɗaya ya kwafi matar nan. Ana tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da Inna, kwana huɗu ta cika.

Bayan sadakar bakwai ya kafa allo don ya zana Inna, yana tsoron kada kamanninta su ɓace masa. Ya fara da goshi, sai ga goshin matar Khartoum. Ya goge. Ya koma kan baki, nan ma nata ne. Ya ƙara tsagar Inna uku-uku a kumatu, ya ɗaura mata koren mayafinta. Baƙin ciki ya ishe shi, don yana ganin Inna sarai a ransa, hannun ne ya ƙi.

Ustaz ya duba ya ce aikin ya yi kyau.

Ƙanwarsa Raihana ta daɗe tsaye gaban allon, hawaye na zuba.

"Yaya," ta ce, "wace ce wannan ka ba mayafin Inna?"