Sunan Baba Haladu da Na Sayar

Kafin in lalace, shagon kwafin takardu nake da shi a kasuwar Farin Gada, bayan layin masu kabeji. Inji ɗaya, kwamfuta ɗaya, sai wani shuɗin labule mai zanen dawisu da nake ɗaukar hoton fasfo a gabansa. Baba Haladu, dillalin kabeji, shi ya tsaya mini na samu wurin, don ya san mahaifina. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, samari, ku dai saurara.

Ciwona raini ne. Don na yi difloma, sai nake ganin duk kasuwar ba mai kai sai ni. Mutum ya cika tirela da dankali amma bai iya rubuta sunansa ba, ya miƙo maka katin ɗan ƙasa, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi kamar mai kiran farashi. Su amana suke ba ni, ni kuwa wauta nake gani.

Ana haka wani da ke kiran kansa Injiniya, wanda jami'a ta kora, ya mai da shagona wurin zama. Shi ya ce mini intanet hawa-hawa ce. Akwai ta sama da kowa ke shiga, akwai ta ƙarƙashi inda bankuna da asibitoci ke kulle bayanansu, sannan akwai ta can ƙasa wadda sai da manhaja ta musamman ake shiga, ba a ganin fuskar kowa. Ya nuna lalatattun kwafin da nake ba mai awara tana naɗe kaya, ya ce, "Oga, kai fa ba ka da wayo. Wannan da kake zubarwa, a can saya ake."

Na shiga ta can ƙasan ina zaton zan tarar da masana. Abin da na tarar taron matsorata ne masu sunayen ƙarya, ɓarawo na cutar ɓarawo, kowa na cika baki a bayan allo. Duk da haka na zauna cikinsu ina jin na zama wani. Da lalatattun kwafi na fara. Daga baya sai in danna inji sau biyu, in ce, "Wannan bai fito ba, bari in sake," in tura ɗaya aljihun tebur. Da masu saye suka ce sun fi son hoton mutum riƙe da katinsa kusa da fuska, na ce wa jama'a sabuwar doka ce. Baba Haladu ma ya tsaya gaban labulen, ya gyara hula, ya ce, "Ɗana, haka ya yi?" Na ce ya yi, Baba.

Ban san wanda ya saya ba, ban kuma tambaya ba. Wata safiya 'yan sanda suka zo har rumfarsa suka sa masa ankwa a gaban masu lodi. An buɗe layin waya da asusun banki da sunansa, masu garkuwa da mutane sun karɓi kuɗin fansa ta ciki. Tsohon da ko saƙon waya sai an karanta masa. Kasuwa ta ɗauka: ashe da wannan ya yi gini a unguwar Daɗin Kowa.

Na san gaskiya, na ja bakina na yi shiru. Matarsa, Inna Talatu, ni ta riƙa kawo wa takardun neman beli in yi mata kwafi. Takan ce, "Kai kaɗai ka rage ba ka guje mu ba, Allah ya yi maka albarka." Ni kuma in amsa da amin. Har yau idan na tuna wannan amin ɗin ƙyamar kaina nake ji.

Kun san abin da ya kama ni, gwanin ɓuya, mai manhaja ta musamman? Labule. Masu bincike sun tara hotunan mutanen da aka yi amfani da sunayensu, suka ga dawisu ɗaya a bayan kowa. Injiniya ya ɓace tun kafin su iso. Aka sako Baba bayan watanni, ni na shiga gidan yari na yi shekarun da alƙali ya yanke mini. A can na koma ga Allah, na kuma gane ashe ni ne jahilin kasuwar.

Da na fito, na tafi gidan Baba. Ya rame, rumfar ta koma hannun wani, don manoma sun daina ba shi kaya. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Na yafe don Allah. Amma ba ni za ka yi wa bayani ba, je ka faɗa wa kasuwa."

Na je. Na tsaya tsakiyar layin kabeji na ɗaga murya na faɗi komai, cewa ni na sayar da sunansa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Suka saurara har na gama. Sai wani direba ya tofar da ɓawon rake, ya ce, "To, mun ji. Me tsohon ya ba ka ka zo ka wanke shi?"

Samari, duk wanda ya zo yana muku kurin ya san ƙasan intanet, ku dube shi da kyau, irina ne, ba abin sha'awa ba ne. Kada ku riƙe katinku a ɗauke ku hoto sai kun san inda hoton zai tafi, kada ku bar kwafinku a shagon kowa. In kuma aka ba ku amanar takardar wani, ku ji tsoron Allah. Ni na gama zaman hukuncina, na dawo gida. Baba Haladu kotu ta wanke shi, amma har yau idan ya shigo masallaci, akwai masu matsawa nesa da shi, su bar giɓi a sahu.