Ranar da Bodil Ta Sare Shingenta

A layinsu Bodil Kjeldsen, a wani ƙaramin gari na Denmark, kowane gida yana da shingen ganye da ya wuce kan mutum, kuma kowa sai ya yi wa nasa aski kafin bikin tsakiyar bazara. Bodil, baiwar Allah, kuku ce a makarantar firamare har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, ɗanta yana birni. Ita ma tana aske nata shingen kamar kowa.

Sai wata shekara biki ya wuce, shingen maƙwabcinta tsoho Aksel ya yi buzu-buzu. Preben, shugaban ƙungiyar masu gidaje, ya je yi masa faɗa, ya tarar da gawa. Ta daɗe a kwance. Ba wanda ya yi cigiyarsa, shingensa aka yi cigiya.

Daga ranar Bodil ta rantse ba za ta mutu haka ba. Tana da filin gado a ƙarshen layin, sai ta kira wasu iyalai da ke neman wurin gina gidaje masu fuskantar juna: ba shinge, kicin ɗaya, a ci abincin dare tare.

Unguwa ta yi caa. A wurin taro Preben ya miƙe.

"Haba Bodil! Da girmanki za ki jajibo mana masu dogon gashi? Ina za su ajiye motoci? Yara su hana mu barcin rana!"

"Barci? Aksel ya samu isasshe, ba wanda ya tashe shi."

"Mu dai nan kowa gidansa ya sani," in ji matar Preben.

"Na ga alama, 'yar'uwa. Shekarun nan duk, wa ya san launin butar shayinki?"

Aka yi dariya, amma aka ƙi yarda da ginin. Washegari Bodil ta ɗauko zarton mijinta ta kwantar da shingenta har ƙasa. Hannuwanta duk suka yi kanta. Ta jawo teburi tsakiyar filin gidanta, ta dafa dankali da ƙwallon nama da jan kabeji, ta zauna tana ci a idon kowa.

Preben ya leƙo. "Kin haukace ne?"

"Zo ka ci, malam, ko ka matsa, kana tare min rana."

Bai zo ba. Aka daina gaishe ta a kanti, aka kai ƙara hukumar gari, maganar ta ja shekaru. Ita kuwa kowace Laraba sai ta fito da teburin, ko ana yayyafi. A ƙarshe aka yi ginin, ko da yake an rage yawan gidajen. Ta sayar da nata gidan ta koma can, tana yi wa samari tsawa a kicin a kan gishiri.

Ranar Talatar da ta wuce ba ta ɗaga labulenta ba. Kafin gahawa ta huce a kicin, Solveig, maƙwabciyarta mai goyo, ta tura ƙofa. Ta same ta a ƙasa, da sauran numfashi. Gida ya cika, wani ya kira motar asibiti, Solveig ta riƙe mata hannu.

Bodil ta buɗe ido ta dubi mutane har bakin ƙofa.

"Ku gaya wa Preben," ta ce a hankali, "tun da ɗumina aka same ni."